Zoben Linzami

In ka tambayi mutanen ƙauyenmu wane ne Toktosun, wanda ake kira Usta, wato gwanin maƙeri, kowa da amsar da zai ba ka. Manoman wake za su ce shi ne ya yi shekara goma sha biyar yana yi wa gonakin kwarin Talas feshi daga sama, kafin ƙananan jiragen nan marasa matuƙi su zo su ƙwace aikin. Tsofaffin mata za su ce shi ne ya riƙe 'yar ƙanensa bayan rasuwar uban, bai bari ta nemi ko fensir ta rasa ba. Sagyn kuwa, sa'ansa kuma abokin wasansa tun suna kiwon tumaki, cewa yake yi:

"Toktosun? Ai shi ne ya ɗauki baro ya ɗaura masa fanka da zanin gado, ya ce mutane su hau. Ni ba shi ke ba ni mamaki ba, waɗanda suka hau ɗin."

Amma duk sun haɗu a kan magana ɗaya: hannun Usta ba ya ƙarya. Notin da ya ɗaure, sai dai tsatsa ta kwance shi.

In kuwa labarin Burul ka tambaya, matar marigayi ƙanen nasa, sai ka ji an sassauta murya. Ita ce ɗinkinta ya kashe mijinta. Haka takardar hukuma ta ce, haka kuma ake faɗa yau shekara goma sha ɗaya. Har gobe mata na kai mata labule da rigar matashin kai, amma babu mai ba ta abin da zai ɗauki nauyi. Ko maɗaurin gadon jariri ne, gara a kai wani ƙauyen.

A tsohon garejin taraktoci da ke bakin gari 'yan'uwan biyu suka fara ƙera jirgin laima. Ba wani abin ɗaure kai ba ne a ido: keke mai ƙafa uku da kujera biyu, inji da farfela a bayansa, sai wani makeken ƙyalle da iska ke cikawa a sama. Igiyoyin ƙyallen sun taru gida biyu, dama da hagu, kowane gida an maƙala shi a jikin keken da ƙugiyar ƙarfe. Toktosun ke walda da ɗauri. Ermek, ƙanen, shi ke inji. Burul ke ɗinka laimar. Sun ƙera talatin da bakwai, wasu har sun tsallaka iyaka. Dokar gidan ɗaya ce, an rubuta ta da jan fenti a bango: wanda ya ɗaura, shi ke fara tashi.

Bayan mutuwar Ermek babu mai son laimar Burul, sai Usta ya koma sayo tsofaffi daga ƙetare. Masu saye suka yi ta raguwa, kamar ruwan rafi bayan ƙanƙarar dutse ta gama narkewa. Shekara uku ke nan bai ƙera ko ɗaya ba. A kakar bana ya yarda Sagyn ya karɓi garejin ya zuba wake.

Rabin ginin na Ermek ne, saboda haka sai 'yarsa Meerim ta sa hannu. Ta iso daga Bishkek da hantsi, da ƙaramar jaka guda. A wani kamfanin ɗinki take aiki, ita ke duba riguna kafin a ɗaure su, kuma ranar Juma'a za ta tashi zuwa Koriya, aikin shekara biyar. Duk zuwan da take yi, gidan wan ubanta take sauka. Koriyar ƙofar uwarta na nan a kan hanya, tsakanin gareji da inda bas ke tsayawa, amma tun tana 'yar shekara goma sha biyar ba ta sake tura ta ba. In sun yi kiciɓis a hanya takan gaishe ta, gaisuwar maƙwabta. Duk da haka, duk ranar da Burul ta ji Meerim na gari sai ta ɗora mai a wuta ta soya burodi, ta shimfiɗa ƙyallen cin abinci, ta zauna. Yau ma hayaƙi ya tashi a gidan tun da sassafe.

Meerim ta tarar da tsofaffin biyu suna jan ma'aunin tef a cikin gareji.

"Riƙe da kyau, kai tsohuwar ungulu," in ji Sagyn. "Shekara talatin kana yawo a sama, ka manta yadda ake auna ƙasa."

"Ka dai ƙirga buhunanka. Wake ma a nan sai ya koyi tashi."

"To ai wake dama yakan tashi, sai dai bayan an ci." Sagyn ya juyo ya gan ta. "A'a, 'yar birni! Zo ki raba ni da wannan mutum. Ya sayar mini da gini, ya ƙi fita."

Ta gaishe su, ta sumbaci wan uban nata a kumatu. "Aba, ka rame."

"Rashin aiki ne. Ƙarfe in ba a mora shi, cin kansa yake."

Suka shiga kwashe kaya. Ragowar bututun ƙarfe gefe guda, gwangwanayen noti gefe guda, farfelar katako biyu da ɓera ya ɗanɗana. Sagyn ba ya ɗaukar komai sai magana. Can da Usta ya fita da wani inji a baro, sai ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"'Yata, na wuto ta ƙofar gidanku. Ƙamshin mai har titi."

Meerim ta ci gaba da jera gwangwani.

"Idon uwarki na tafiya, kin sani? Yanzu da yatsa take laluben kafar allura. Shekara biyar ba kwana biyar ba ce. In kin dawo, muryarki kaɗai za ta gani."

"Ranar da ta yi ɗinkin, idonta ƙalau yake."

"Kai, kai. Ni dai na faɗa." Ya ɗaga hannu ya ja baya. "Taurin kan gidan nan, da za a iya walda da shi, da ba a sayi ƙarfe ba."

Wajen azahar ta hau tsani don sauke abin da ke kan katakon rufi. A can ƙurya ta ga wani buhu ɗaure da waya, ƙura ta rufe shi. Ta jefo shi ƙasa. Usta na shigowa ya tsaya cak.

"Bar wannan. Na ƙonawa ne."

"Mene ne a ciki?"

"Tsumma."

Amma bakin buhun ya riga ya buɗe, wani shuɗin ƙyalle mai ratsin rawaya ya leƙo. Meerim ta san shi, laimar da ubanta ya faɗo da ita ce. Tana yarinya ita ta riƙe wa uwarta bakinsa ana yanka, a tsakar gida, iska na neman ƙwace shi. Kuma shi ta gani na ƙarshe a sama, ya naɗe kamar ganyen da wuta ta taɓa.

"Ka ajiye ta," ta ce.

"Ban iya zubarwa ba."

Ta ja buhun zuwa waje inda rana take. Ba ta yi niyyar duba komai ba, so take kawai ta ga abin sau ɗaya kafin a cinna masa wuta. Ta baza laimar a kan busasshiyar ciyawa. Yagewar na nan a ɓangaren hagu, doguwa, ta bi gefen ɗinki daga sama har ƙasa. Ta durƙusa. Shekara bakwai tana bin ɗinki da babban yatsa, riga ɗari huɗu a wuni, har hannun ya saba yi ba da izininta ba. Yatsan ya hau kan layin ya bi shi. Ya kai ƙarshe, ya dawo, ya sake bi.

"Aba."

Yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihun falmaran.

"Ɗinki in ya saki, zare ne ke tsinkewa. Sai ka ga ramukan allura a jere, babu komai a ciki. Kullum ina mayar da irinsa." Ta ɗago ƙyallen. "Nan zaren bai tsinke ba. Ko ɗaya. Layi biyu ne, duka suna nan. Ƙyallen ne ya yage a gefensu, kamar wanda aka fizga."

"Faɗuwa ce, 'yata. Faɗuwa na yaga komai."

Ta bi igiyoyin dama har inda suka taru, ta samu ƙugiyar ƙarfe a maƙale, ta yi tsatsa amma a rufe take. Ta bi na hagu. Su ma sun taru lafiya, madaukinsu bai ko kwance ba. Sai dai babu komai a jikinsa.

"Ina ƙugiyar hagu?"

Sagyn, da ya fito yana shirin wata zolayar, ya dubi abokinsa. Abin da ya gani a fuskar ya sa ya haɗiye maganar. Ya cire farar hularsa ya riƙe a ƙirji, bai tafi ba, bai kuma matso ba.

Usta ya daɗe a tsaye. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ko ciki yana da iyakar abin da zai riƙe. Ya zaro hannu daga aljihu. A tafinsa akwai wani zoben ƙarfe mai kaurin ɗan yatsa, ya yi sheƙi saboda yawan shafa. Ya buɗe ta gefe guda, kamar bakin da ya yi niyyar magana aka katse shi.

"Babu ƙugiyar hagu," ya ce. "Wannan ne."

"Wannan ai na doki ne."

"Na linzamin ingarman kakanki."

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya faɗa mata, idonsa a kan zoben. Ranar bikin shigowar bazara ce, shugaban gunduma zai zo da baƙi su ga sabon jirgi. Ƙugiyoyin da aka yi oda ba su iso ba, guda ɗaya ta rage a akwati. Aka ce baƙi sun taso. Sai ya tuna da linzamin da ke rataye a ɗakin ubansu. Zoben da ya riƙe ingarma shekara ashirin ana wasan ƙwace akuya a filin sukuwa, ya ce a ransa, ina mutum ɗaya da keke za su gagare shi? Ya cire ya ɗaura.

"Uwarki na shimfiɗa laima ta gani. Ba ta iya yi mini magana, kin san kelin, wato matar ƙane, ba ta fuskantar wan miji, ko sunana ba ta taɓa kamawa ba. Sai ta ja ubanki gefe ta raɗa masa. Ya zo ya ce, 'Yaya, wai zoben nan...' Na ce, 'Wa ya ce?' Ga baƙi na saurare. Na ce, 'Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau dutse ba zai hango ba.' Aka yi dariya. Shi ma ya yi."

"Kai ka ɗaura," in ji Meerim. Ta juya ta dubi jan rubutun da ke bango ta cikin ƙofa. "Kai ya kamata ka tashi."

"Ni ya kamata. Na riga na sa hular kwanon tashi. Sai aka kawo kan rago, aka ajiye gaban baƙi, kuma babba a gida ne ke rabawa. Ubanki ya zare hular daga kaina ya ce, 'Zauna da mutanenka, Yaya, ni zan zaga sau ɗaya in dawo kafin ka kai ga kunne.' Ina yanka kunnen ya juya a kan itatuwan bakin rafi."

Iska ta ɗan ɗaga gefen laimar ta ajiye.

"Ni na fara isa. Ya riga ya cika. Zoben na cikin ciyawa kusa da hannunsa, na ɗauka na sa a aljihu. Wallahi a lokacin ban san me ya sa ba. Daga baya na sani."

Kwana biyu bayan jana'iza mai bincike ya zo daga Bishkek, wani matashi da takardu, yana sauri ya koma kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Aka tara mazan dangi a ɗakin baƙi, aka kira Burul ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ga yagewa a gefen ɗinki. Ya ce wa ya ɗinka, ta ce ita. Ya ce ko ta ga wani abin da bai yi daidai ba, kuma a hannun wa. Amsar suna ce, sunan da ba ta taɓa furtawa ba, a gaban dattawan gidan mijinta, da gawarsa ko sanyi ba ta gama yi ba. Ta sunkuyar da kai.

"Sau ɗaya ta dubi ƙafata," in ji Usta. "Ba fuskata ba, ƙafata. Tana jira. Ni kuma ina kallon kofin shayi. Yaron ya ga ba mai magana, ya rubuta abin da ya rubuta."

Sagyn ya mayar da hularsa a hankali. "Shekara sittin, Toktosun," ya ce. "Matata ta hana a kai wa Burul maɗaurin gadon jikanmu. Ni na ɗauka na kai wani ƙauye, a kan doki." Bai jira amsa ba, ya nufi hanya, tef ɗinsa na nan yashe a ƙasa.

Meerim ba ta yi kuka ba. Tana durƙushe, hannunta a kan layin zaren.

"Ranar sadakar arba'in," ta ce, "mata sun cika ɗaki. Uwata ta miƙo mini kofi. Na ce, 'Ba na ci daga hannun da ya kashe ubana.' Kowa ya ji. Ta janye kofin, ta ce, 'To, 'yata.' Shi ke nan abin da ta ce. Na kwashe kayana na zo gidanka." Ta ɗago. "Ka buɗe mini ƙofa, Aba. Ka ce in shigo, nan ma gidana ne."

"Na ce."

"Ka saya mini takalmin makaranta. Ka raka ni tasha. Duk lokacin nan yana aljihunka?"

"Kullum."

"Har ranar da na ce maka da ma kai ne ubana?"

Ya juya zoben a tafinsa.

"Je ki wurinta," ya ce can. "Ƙofar a buɗe take. Ta soya burodi."

"Da wace fuskar?"

"Da wadda kike da ita. Uwa ce."

"Kai da ka yi shekara goma sha ɗaya ba ka samu fuskar ba, ni za ka ba wa rabin wuni?"

Ta miƙe ta naɗe laimar. Ba ta cusa ta a buhu ba, ninke ta ta yi gida gida yadda uwarta ke yi, igiyoyi a ciki, ta ajiye a kan teburin walda. Takardar sayar da gini na nan a ƙarƙashin guduma. Ta sa hannu ba tare da ta karanta ba, ta ɗauki jakarta.

"Ba kwana za ki yi ba?"

"Akwai bas ɗin la'asar."

Ya bi ta a baya, taku goma tsakaninsu. Hanyar ta bi ta gefen masussukar wake, inda mata ke sheƙe, suka ɗago suna gaishe su, ba wanda ya amsa. Da suka kusa koriyar ƙofar, tafiyar Meerim ta ragu. Ta tsaya. Fentin ya ɓare a daidai inda hannu ke turawa. Ta cikin tsagar katako ana ganin tsakar gida a share, da takalmi ƙafa ɗaya na mace a bakin ɗaki, an juya bakinsa waje. Ƙamshin soyayyen mai ya cika wurin. Meerim ta ɗaga hannu har ya kusa taɓa katakon.

Usta ya tsaya a bayanta. Tun da ya ga Ermek ya juya a kan itatuwa bai roƙi Allah wani abu da ƙarfi irin haka ba.

Daga kan titi bas ta yi oda sau biyu.

Hannun ya sauka. Meerim ta gyara jaka a kafaɗa ta wuce da sauri, kusan da gudu. Ya same ta ta riga ta sa ƙafa ɗaya a mota.

"Ka gaya mata," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ka gaya mata na ga..." Sai ta girgiza kai. Direba ya ce a rufe ƙofa, ana jiran sa a Talas. Ta shiga. Ba ta ce masa Aba ba, ba ta kuma leƙo ta taga ba. Ya tsaya har ƙurar ta kwanta.

Ƙofar Burul ba ta da sakata. Ya tura, ta yi ƙara. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da tsakar gidan nan, itacen tuffa da Ermek ya dasa har ya wuce rufin ɗaki. Kafin ya kai bakin ƙofa ya ji motsi a ciki, motsin mai tashi da sauri, har wani abu ya faɗi.

"Meerim?"

Ta fito tana dafa bango, tana ƙanƙance ido. Inuwar da ta gani ta fi ta 'yarta faɗi. Ta tsaya. Sannan ta ja ɗankwalinta ya sauko kan goshi, ta koma gefe ta ba shi hanya, kanta a ƙasa.

A tsakiyar ɗaki an shimfiɗa ƙyallen cin abinci. Ƙananan soyayyen burodi sun yi tudu, ga kirim a kwano, ga zumar dutse, ga kofi biyu. Keken ɗinki na ƙarƙashin taga, an rufe shi da tawul. Ta nuna masa wurin manya, can ciki. Bai je ba. Ya durƙusa a nan bakin ƙofa, inda ƙanana ke zama.

Burul ta zauna ta taɓa butar shayi da bayan hannu. Da butar ta yi magana, kamar yadda ta saba in yana wuri, da laƙabin da take kiran sa da shi a maimakon suna.

"A gaya wa Mai Guduma shayi ya huce. In zai jira, a sake ɗorawa."

"Bar shi, kelin."

Ya ajiye zoben a kan ƙyallen, tsakanin kofunan. Ta ji ƙarar saukarsa. Ta laluba, yatsunta suka same shi, suka zagaye shi har suka faɗa cikin gurbin da ya buɗe. Nan suka tsaya.

"Ta inda maƙeri ya haɗa shi," ta ce a hankali. "Nan na ce wa Ermek."

"Meerim ta ga laimar. Ta bi ɗinkin da yatsa. Ta ce zaren bai tsinke ba, ko ɗaya."

Wani abu ya gifta a fuskar Burul, bai kai murmushi ba. "Layi biyu ne," ta ce. "Ta iya duba ɗinki ke nan."

"Ta iya. Na gaya mata sauran. Sagyn ma ya ji, kafin magariba gari ya ji."

"Tana ina?"

Ya juya ya dubi ƙofa.

"Na ji odar bas," in ji Burul. Ta juya fuska wajen taga, ko da yake babu abin da za ta gani. "Ta tsaya a ƙofa?"

"Ta tsaya. Ta ɗaga hannu."

"Ta ɗaga hannu." Ta maimaita kamar mai auna ƙyalle, tana duba ko zai isa. Sannan ta ɗauki kofi ɗaya daga cikin biyun, ta kife shi.

A waje wata tuffa ta faɗo kan rufin kwano ta gangara.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?" ya ce. "Ko ba a gaban mai bincike ba. Ko ita kaɗai."

Da butar ta sake yin magana.

"A gaya wa Mai Guduma, yarinya ta rasa uba ɗaya, ban ga dalilin ta rasa biyu a wata guda ba. Kuma ba tawa ba ce maganar, tasa ce. Na ce in an yi arba'in zai faɗa da bakinsa. Da ta wuce na ce in an shekara. Sannan na ce in ta gama makaranta." Ta mayar da zoben inda ya ajiye shi, ta daidaita shi da yatsa. "Daga baya na daina cewa komai. Burodi dai nake soyawa."

Usta Toktosun ya dubi tudun burodin da ba mai ci, da kofin da ke kife, da hannayen matar, waɗanda suka ɗinka laima talatin da bakwai babu wadda ta saki. Ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa. Tun ranar da aka kawo ta gidan, yau shekara ashirin da takwas, bai taɓa kiran ta da sunanta ba.

"Burul," ya ce. "Ni na ɗaura. Ni ya kamata in tashi, ni ya kamata in yi magana. Na san ba zai dawo miki da kowa ba. Ki yafe mini."